Filin Tambaya da Amsa: Na Ƙwace Wayar, Amma Hankalina Bai Kwanta Ba

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa daga Maraɗi da kewayenta suka zo, kuma dukansu a kan yara da wayar salula suke magana. Mun sakaya sunayen masu su, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Ni ɗan kasuwa ne, ina da shago a babbar kasuwar Maraɗi, nakan fita da sassafe, ba na komawa gida sai bayan magariba. Ina da ɗiya mai shekara 14, tana aji uku a kwaleji. Ban saya mata waya ba, ta mahaifiyarta take taɓawa, domin ita ce ke karanta wa uwar saƙonni. Kwanan baya na ɗauki wayar, sai na tarar wani mutum da ba mu sani ba yana hira da ita a WhatsApp, yana aiko mata da kuɗin mega, har ya kai ga roƙon ta tura masa hotonta ba mayafi. Raina ya ɓaci, na dake ta, na ƙwace wayar na kulle a shago. Tun daga ranar ba ta magana da kowa, abinci ma sai an matsa mata. Me ya rage in yi? Daga wani mahaifi, unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya tsare mana zuri'a baki ɗaya. Babu uban da zai ga irin wannan hira a wayar gidansa ransa bai ɓaci ba, saboda haka ban ga laifin fushinka ba. Sai dai tun da shawara ka nema, wajibi ne in faɗa maka abin da na gani a cikin wasiƙarka: a wannan lamari akwai babba akwai yarinya, babban ne ya ɗana tarko, yarinyar ce ta sha duka, shi kuwa yana can hankalinsa kwance, layinsa a buɗe.

Yana da kyau ka san yadda masu wannan ɗabi'a suke aiki, domin hanyarsu kusan ɗaya ce a ko'ina. Ba sa farawa da maganar banza. Da gaisuwa suke farawa, da tambayar karatu, da yabon hankali da natsuwa, wani lokaci ma har da tunatarwa a kan salla, ta yadda ko babba ya leƙa hirar a makon farko ba zai ga abin zargi ba. Daga nan sai ƙananan kyaututtuka, yau mega na dala arba'in, gobe kuɗin kira, har yarinya ta fara jin nauyin mai ba ta. Sai kuma a shigo da sirri, a ce mata kada ta faɗa wa kowa domin mutanen gida ba za su fahimta ba, a koya mata share hira kafin ta mayar da waya. Hoton farko da za a roƙa na fuska ne kawai, na biyu ba mayafi, kuma da zarar an samu wanda take kunyar a gani, sai murya ta canza: ko ta ƙaro wani, ko ta fito a haɗu, ko kuwa a tura wa babanta da ƴan ajinsu. Ka dubi wannan mataki na ƙarshe da kyau, Alhaji. Duk ƙarfin mutumin nan a kan abu ɗaya ya dogara, wato yarinyar ta fi tsoron gidansu a kan yadda take tsoronsa. Ranar da ta tabbata za ta iya zuwa wurin wani babba a gida ta ce ga abin da ya faru, ba tare da an kore ta ko an ji mata ciwo ba, ranar barazanarsa ta tashi aiki. Dukan da ka yi, ba da nufinka ba, ya gaskata mata abin da yake faɗa mata game da gida.

Kulle wayar a shago kuma bai yanke hanya ba, domin akwai wayar ƙawa a lokacin hutun makaranta, akwai ta maƙwabta, kuma yarinya mai shekara 14 ba ta rasa haddace lamba takwas. Abin da ya canza kawai shi ne, da kana iya ganin hirar, yanzu ba ka iyawa. Shirun nan nata shi ya fi damuna. Mai yiwuwa kunya ce da ɓacin rai, amma mai yiwuwa ne kuma ta riga ta tura wani abu, an share, ana yi mata barazana da shi ta wata hanya. Dole a san gaskiyar wannan cikin gaggawa, kuma ba kai ne za ka tambaya ba.

Mu Hausawa mun san akwai maganar da ɗiya ba za ta taɓa yi da mahaifinta ba ko da wuƙa a wuya, balle idan ita ce ta fari, wadda ko sunanta ba a faɗa. Wannan kunya abu ne mai kyau, ba na cewa a rushe ta. Amma al'adar da ta sa kunya tsakanin uba da ɗiya ita ce kuma ta tanadi gwaggo da inna da yaya, ta tanadi kaka wadda ke wasa da jikokinta, suna iya faɗa mata abin da ba su faɗa wa kowa. Ka zaɓi ɗaya daga cikinsu, wadda yarinyar ke sakin jiki da ita kuma ka san bakinta ba ya yawo, ka yi mata bayani, ka bar su su biyu. Kafin haka, kai da kanka ka kira ɗiyarka gaban mahaifiyarta ka ce mata kalmomi kaɗan: cewa fushinka a kan mutumin nan yake, cewa duk abin da ya faru gidan nan gidanta ne, cewa ba za a sake dukanta a kan wannan magana ba komai ta faɗa. Kada ka jira amsa a ranar. Idan har kwanaki suka ja ba ta cin abinci, ba ta barci, ko ta fara furta cewa gara ta mutu, kada a ɗauka shagwaɓa ce. A kai ta asibiti, kuma kada a bar ta ita kaɗai.

Ina kuma roƙonka kada wani ya ba ka shawarar cire ta daga makaranta ko gaggauta yi mata aure a kan wannan dalili. Hakan hukunta wadda aka zalunta ne, kuma ƙannenta da ke kallo za su koyi darasi ɗaya tak daga ciki, shi ne duk wanda ya shiga matsala ya yi shiru.

Game da mutumin, kada ka share komai a wayar. Ka ɗauki hoton fuskar wayar inda lambarsa da hirar da kwanan wata suka fito, ka adana saƙonnin da ke nuna kuɗin da ya turo, sannan ka kai wa ƴan sanda ko jandarma, ka nemi ɓangaren da ke kula da lamuran ƙananan yara. Kada ka kira shi ka zage shi, domin da ya ji an gano shi zai jefar da layin. Layukan waya a ƙasar nan da takardar shaida ake yi musu rajista, turin kuɗi kuma yana barin sawu, saboda haka hukuma tana da inda za ta fara. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun ranar 3 ga Yuli 2019, kuma hotunan batsa na yara suna cikin abubuwan da ta haramta. A nan akwai kuskuren da iyaye da yawa kan yi da kyakkyawar niyya: idan har akwai hoton yarinyar, kada ka tura wa ɗan'uwa ko aboki ko malami don ya ga hujja. Duk turi ɗaya kwafi ne da ba za ka iya dawo da shi ba. Idan kuma ya nemi kuɗi don ya yi shiru, kada a ba shi ko dala, domin wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake yi.

Bayan hukuma ta ga abin da za ta gani, sai a toshe lambar, a kuma kai ƙararsa a cikin manhajar kanta. WhatsApp yana karɓar saƙonni biyar na ƙarshe na wanda aka kai ƙara. Akwai kuma wani shafi na kyauta mai suna Take It Down, na wata cibiyar kare yara ta Amurka, wanda aka yi domin ƴan ƙasa da shekara 18. Hoton ba ya barin wayar, wata alama ce ta lambobi ake cirowa daga jikinsa a ba kamfanoni irin su Facebook da Instagram da TikTok domin su gane shi su cire idan an ɗora. Ba ya kaiwa ga abin da ake turawa a cikin hirar WhatsApp, amma yana rage yaɗuwa a fili.

Kada kuma ka zaci ƴan mata kaɗai ake farauta. A watan Yuli 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya waɗanda ke da hannu a karɓar kuɗi ta hanyar barazana da hotunan tsiraici, kuma yawancin waɗanda suka nufa maza ne, ana zuwa musu da sunan budurwa. Idan kana da samari a gida, maganar nan ta shafe su.

Wayar kuwa ka mayar wa mahaifiyarta da ita, domin ita ma an hukunta ta ba da laifinta ba. Ku zauna ku uku a shiga saitin sirri na WhatsApp, a mayar da ganin hoton shafi da shigar da mutum zauren hira ya zama sai waɗanda lambarsu ke cikin wayar. Rashin iya karatu bai hana uwa sa ido ba: tana jin saƙon murya, tana gane hoto, tana iya tambayar wane ne wannan. Ɗiyar ce ma za ta koya mata, kuma yarinyar da aka mayar malamar uwarta a kan waya ta fi wadda aka mayar abar zargi saurin buɗe baki.

TAMBAYA: Malama, ina gaisuwa. Maigidana yana ci-rani a Libiya, ya aiko wa ɗanmu mai shekara 11 babbar waya sabuwa fil domin su riƙa gaisawa suna ganin juna. Yanzu yaron ba ya rabuwa da ita, sai in farka tsakar dare in ga haske a cikin gidan sauro. Malaminsu na allo ya ce yana gyangyaɗi a kan karatu, ƙannensa biyu ƙanana kuma kullum suna manne da shi suna kallo. Shekara nawa ya kamata yaro ya kai kafin a ba shi waya? Ina kuma tsoron idan na karɓe uban ya ce na raina kyautarsa. Daga wata uwa, Tibiri.

AMSA: Ina amsawa, ƴar'uwa, Allah ya dawo da maigida lafiya. Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp duka sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai buɗe shafi, don haka a ƙa'idarsu ma ɗanki bai kai ba. Amma kada ki ɗauki wannan adadi a matsayin shaidar cewa yaro ya yi hankali. Asalinsa wata dokar Amurka ce ta 1998 da ta hana kamfanoni tattara bayanan yara ƴan ƙasa da 13 ba da izinin iyaye ba, sai kamfanonin suka ga ya fi musu sauƙi su ce ba sa karɓar yaran. Wasu ƙasashe sun ga 13 ta yi kaɗan: Ostareliya ta hana ƴan ƙasa da 16 mallakar shafi a manyan kafofin sada zumunta daga ranar 10 ga Disamba 2025, Faransa kuma ta hana amfani da waya a firamare da kwaleji tun 2018.

Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne ƙaryar shekaru. Yaro kan rubuta cewa shekarunsa 25 don a buɗe masa shafi, iyaye kuma su ga ba komai. Alhali kuwa TikTok, misali, ba ya barin ƴan ƙasa da 16 su karɓi saƙon sirri, yana rufe shafinsu daga baƙi tun farko, kuma tun 2023 yana tsayar da ƴan ƙasa da 18 bayan minti 60 na kallo a rana. Duk wannan kariya tana aiki ne idan an faɗi shekarun gaskiya. Yaron da ya ce shi babba ne, abin manya za a nuna masa, manya kuma za su iya yi masa magana kai tsaye.

A ganina, yaro mai shekara 11 ƙaramar waya mai maɓallai ta ishe shi idan akwai buƙatar a neme shi. Babbar waya ta gida ce, a hannunki za ta zauna, yana karɓa a lokacin da aka yanka, a tsakar gida inda kowa ke gani. Maganar uban kuwa ba ta da wuya kamar yadda kike tsoro. Ki kira shi ki faɗa masa abin da malamin allo ya ce, ki nemi shi da bakinsa ya kafa wa yaron doka a kiran bidiyo na gaba. Ya sayi wayar ne don ya ga ɗansa, wannan kuwa ba wanda zai hana. Hasali ma idan wayar tana hannunki kiran nasa ba zai riƙa tarar da batir a mace ba.

Dare shi ne babbar matsalar. Masana barci sun ce yaro tsakanin shekara 6 da 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi mai 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ki lissafa da kanki: yaron da za a tasa don sallar asuba, in dai zai samu awa 9, bai kamata ya daɗe a farke bayan isha'i ba. Ga shi kuma mega na dare ya fi araha, gajerun bidiyoyin nan kuma an tsara su ne ba su da ƙarshe, manhajar tana lura da abin da ya tsayar da idonsa ta ƙaro masa irinsa. Wannan ba lalacewar tarbiyya ba ce, manya masu furfura ma abin yana cin su. Dokar da na ga tana aiki ita ce wadda ta haɗa kowa: bayan isha'i duk wayoyin gida, har da taki, a wuri ɗaya suke kwana, a ɗakinki. Yaro ba ya bin dokar da ya ga mai kafa ta tana karyawa.

Idan wayar irin su Tecno ce ko Itel ko Infinix, akwai manhajar Google ta kyauta mai suna Family Link, wadda ke ba uwa damar ƙayyade lokaci, kulle wayar da dare, da hana sauke manhaja sai da izini. Ki nemi ɗan'uwa amintacce ya saita miki, lambar sirrin kuma ta zauna a wurinki ke kaɗai. Sai dai ki sani ba ta tsare komai. Da yawa daga abin da ke shiga wayoyin yaranmu ba ta intanet yake zuwa ba, a rumfar masu caji da turi ake loda shi, ko aboki ya tura wa aboki ta Xender ko Bluetooth ba tare da ko mega ɗaya ba. Saboda haka ki saba da zama kusa da shi ki ce ya nuna miki abin da ya ba shi dariya yau, ku kalla tare, ki faɗi ra'ayinki ba da tsawa ba. Ki kuma yi masa alkawari tun yanzu cewa duk ranar da ya ga abin da ya tsorata shi ko ya ba shi kunya, idan ya zo ya faɗa ba za a hukunta shi ba.

Ƙannen nasa kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ƴan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da su gaban allon waya ko talabijin, masu shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana.

TAMBAYA: Malama, ni malami ne a wata lise a nan cikin gari. Ɗalibaina suna da zauren WhatsApp na aji, wanda aka buɗe don tura darussa. Wani ya ɗauki bidiyon wani yaro mai i'ina yana amsa tambaya a gaban allo, aka haɗa da kiɗa, aka watsa har ya fita zuwa wasu makarantu. Yaron ya daina zuwa lakwal. Da na yi magana sai suka ce wasa ne. Yaya zan koya musu, alhali ba mu da ko kwamfuta ɗaya? Daga wani malami, unguwar Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da alheri da ba ka kawar da kai ba. Ka fara da yaron kafin ajin. Ka je gidansu da kanka, ka gaya wa iyayensa cewa ɗansu bai yi laifin komai ba, ka tambaye shi abin da zai sa ya iya dawowa, domin wani yaron yana son a ba shi haƙuri a gaban aji, wani kuwa wannan ne zai ƙara masa ciwo. Tsokanar da muka sani a da tana ƙarewa da tashi daga makaranta, wannan kuwa tana biyo yaro har shimfiɗarsa, kuma bai san iyakar waɗanda suka gani ba, shi ya sa yake ganin duk wanda ya yi murmushi a hanya da shi yake.

Darasin ba ya buƙatar kwamfuta, alli ya isa. Ka rubuta suna ɗaya na ƙirƙira a saman allo, ka ce ya tura wa mutum biyar, kowannensu ya tura wa biyar, ka sa su lissafa da kansu: 5, 25, 125, 625, a zagaye na biyar an kai 3,125. Sannan ka ce wanda ya fara turawa ya yi nadama yana son ya janye, su nuna maka ta inda zai bi. A nan ne ɗalibi yake gane cewa share abu daga wayarsa bai share shi daga duniya ba, kuma a nan ne za ka shigo da maganar da suka fi gudu, wato laifin bai tsaya kan wanda ya ɗauka ba. Wanda ya tura gaba da wanda ya sa alamar dariya duk sun sa hannu. Ka tambaye su kuma wasan wane ne, tun da mai shi ba ya dariya. Mu da muke da wasan taubasai da wasan ƙabilu mun san ƙa'idarsa: ana yi ne ido da ido, da wanda zai iya ramawa.

Yawancinsu sun yi karatun addini, don haka ba baƙon abu za ka kawo musu ba idan ka tuna musu aya ta 11 a cikin Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, da aya ta 6 da ta yi umurni da bincika labari kafin a yi aiki da shi. Ka kuma faɗa musu matsayin doka ba tare da ƙari ba: dokar 2019 ta hukunta zagi da ɓata suna da yaɗa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam ta intanet, an cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna a 2022, aka maido da shi a watan Yuni 2024. Ƴan ajin ƙarshe da yawa sun kusa 18 ko sun wuce, ya kamata su san haka.

Ban goyi bayan rushe zauren ba, domin za su buɗe wani inda ba ka ciki. Gara a sake masa tsari: su da kansu su rubuta ƙa'idojinsa, ta farko kada a ɗauki hoton kowa ko a tura sai da yardarsa, a naɗa masu kula biyu, mace da namiji, da ikon cire saƙo da cire mai laifi. Ka sanar da shugaban makaranta da ƙungiyar iyayen ɗalibai, a nemi malaman sauran makarantun su sa ɗalibansu su share bidiyon. A watan Fabrairu na kowace shekara ana ranar tsaron intanet ta duniya, kana iya mayar da ita lokacin da manyan ɗalibai za su shiga ƙananan azuzuwa su yi wannan lissafi na allo, domin ƙane ya fi sauraron yayansa a kan maganar waya.

TAMBAYA: Malama, wani ya kira wayar innarmu ya ce daga kamfanin waya yake, ta ci kyauta, a karanto masa lambobi shida da suka shigo. Ƙanena mai shekara 12 ya karanta masa. Yanzu WhatsApp ɗinta ya rufe, ana kuma roƙon dangi kuɗi da sunanta wai tana asibiti. Daga wata ɗaliba, Madarunfa.

AMSA: Ɗiyata, abin yana da gyara muddin layin yana hannunku. Lambobin nan shida su ne makullin da WhatsApp ke aikowa idan ana son buɗe shafi a sabuwar waya; ɓarawon ya sa lambar innarku a wayarsa, ya rasa makullin, shi ne ya kira ya roƙa. Ku sake buɗe WhatsApp a wayarta, ku sa lambarta, sabbin lambobi shida za su shigo, kuma da zarar kun shigar da su an fitar da shi. Idan aka nemi wata lambar sirri da ba ku sani ba, shi ne ya sa ta, sai ku jira kwana 7 kafin ku iya shiga, amma shi ma a wannan lokaci yana waje. Kafin nan ku kira dangi ɗaya bayan ɗaya ta kiran waya, ku roƙi wani ya sanar a zaurukan da take ciki, wanda kuma ya riga ya tura kuɗi ya riƙe rasit ɗinsa ya kai wa ƴan sanda. Da kun dawo da shafin, ku shiga saiti ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ku zaɓi lambar sirri taku wadda ba shekarar haihuwa ba ce.

Kada a yi wa ƙanenki faɗa, aikin da aka saba sa shi ya yi, wato karanta wa inna saƙo. A gidaje da yawa yara ne ke riƙe da wayar manya da lambar asusun kuɗinsu, don haka su ne ya kamata a fara koya wa cewa lambar da ta shigo ta saƙo da lambar sirrin asusu ba a karanta wa kowa a waya, ko ya ce daga kamfani yake, ko ya kira sunan inna daidai, ko muryarsa ta yi kama da ta ɗan'uwa. Ku gwada shi a gida: ki ɓoye lambarki ki kira, ki canza murya ki ce ya ci babur, ki ga ko zai ce a jira babba ya zo ya kashe wayar. Ku maimaita da innar ma, da duk wanda ke ɗaga wayar idan ta yi ƙara.